Darasin Juma'a: Ba Kowane Mai Mantuwa Ne Marar Amana Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga wani zaman sulhu da aka yi a ofishin masallaci bayan babbar sallah. Mun nemi izinin mai al'amarin kafin mu sa alƙalami, ya ce a rubuta ko wani zai amfana, amma a sakaya sunansa. Mun sakaya, mun kuma canza wasu 'yan abubuwa. Wanda ya gane shi duk da haka, to ya kama bakinsa, amana ce.

Magidanci ne, shekarunsa sun doshi 40, yana sayar da wake da gero a kasuwar Bodija a ƙarƙashin wani Alhaji da yake turo masa kaya daga Arewa. Alhajin ne ya kawo ƙara. An yi lissafi, buhu 11 sun fita daga rumfa, babu kuɗinsu, babu sunan wanda ya ɗauka. Abin da ya ɗaure wa dattawa kai shi ne, kowa a Sabo ya san mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Alhajin da bakinsa ya ce, "Ni ban ce ya ci ba, amma dukiyata narkewa take yi a hannunsa." Da aka bi diddigi sai aka tarar bashi ya bayar. Duk wanda ya ɗauki kaya, sai ya ce a ransa anjima zan rubuta, anjimar kuwa ba ta zuwa. Ana cikin rigimar wata Bayarabiya, Allah Ya saka mata da alheri, ta tako da ƙafarta ta kawo kuɗin buhu 4. Shi ko tuna ya ba ta bai yi ba.

Nan take wan matarsa ya ɗora nasa kukan. Kuɗin makarantar yara yana aljihu amma sai an koro su ake tunawa. A ce ya taho da abu uku daga kasuwa, ya taho da ɗaya, shi ma ba wanda aka fi buƙata ba. Kana magana da shi, ido yana kanka, hankali yana wani gari. Sau ɗaya ma ya furta saki cikin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, kafin magariba yana hawaye yana neman yadda za a gyara.

Da aka watse ya tsaya, ya ce, "Malam Sakatare, wallahi tun ina yaro haka nake. A makarantar allo babu wanda ya kai ni shan bulala, kuma ba don ba na ganewa ba. Kaina kamar tashar mota ne, kowane ɗan kamasho yana kiran lodinsa, ban san wanda zan saurara ba. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, na yi alwashi ya fi sau ɗari. Ni kaina na fara yarda ni mutumin banza ne."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta hana mu barci. Wani ɗan unguwarmu ma'aikacin jinya ya ba da shawarar a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Aka kai shi. Bayan zuwa ba ɗaya ba, da tambayoyi masu yawa, har da kiran mahaifiyarsa a waya don a ji yadda yake yana ƙarami, likita ya ce yana da wata larura da aka sani, mai suna, mai magani. Mu ba likitoci ba ne, abin da muka jiyo daga masana kuma muka karanta shi muke isarwa.

A asibiti suna kiran larurar da haruffa huɗu na Turanci, ADHD. Ku riƙe haruffan nan don ranar da za ku gaya wa likita. Da Hausa muna iya cewa larurar kasa tsayar da hankali. Ba hauka ba ce, ba daƙiƙanci ba ne, kuma ba sabon abu ba ne da wayar hannu ta kawo, kamar yadda wasu za su yi saurin cewa. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotland mai suna Alexander Crichton ya siffanta mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa kan abu ɗaya. A 1902 wani likitan yara, George Still, ya gabatar da laccoci a Landan kan yara masu irin wannan hali. Abin lura, shi ma a lokacin ya ɗauki abin a matsayin tawaya wajen kame kai ta fuskar ɗabi'a. Kun ga ke nan ba mu kaɗai muka fara da zargin hali ba, su ma likitocin sai da suka daɗe kafin su gane daga ginin ƙwaƙwalwa abin yake.

Ga yadda aka yi mana bayani. A sashen gaba na ƙwaƙwalwa akwai wurin da yake aikin sarkin kasuwa: shi yake cewa wannan a fara da shi, wancan ya jira, wannan magana kada a faɗe ta, wancan alkawari a tuna da shi ƙarfe huɗu. Aikin nan yana tafiya ne da wasu sinadarai masu isar da saƙo, musamman ɗaya da ake kira dofamin. Mai wannan larura yana da sarkin kasuwa, amma muryarsa ba ta kaiwa ko'ina. Ilimi yana nan, niyya tana nan, tsoron Allah yana nan. Abin da yake yankewa shi ne igiyar da take haɗa "na san ya kamata in yi" da "ga shi ina yi yanzu". Kuma gado yana da babban hannu a ciki, binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na abin daga gado yake. Shi ya sa idan uba ya kai yaro asibiti aka fara karanto alamomi, sau da yawa sai uban ya yi shiru, don labarin kansa yake ji.

Likitoci sun ƙiyasta kusan yara 5 cikin 100 suna da ita, manya kuwa tsakanin 2 zuwa 3 cikin 100. Ku duba sahun masallacin nan ranar Juma'a ku yi lissafi da kanku. A da ana zaton yaro yana girma take barinsa. Yanzu an gane da yawa suna girma da ita, kama kawai take sauyawa. Yaron da ba ya iya zama a kan tabarma ya zama magidancin da yake zaune amma cikinsa yana tafasa, ƙafa tana kaɗawa, wa'azin minti 20 ya zame masa kamar tafiyar Ibadan zuwa Kano.

To yaya ake gane ta ga babba? A kasuwa dai ga abin da ake gani. Mutum ya fara ƙirga kuɗi, a yi masa sallama, ya dawo bai san inda ya tsaya ba. Makulli, waya, rasit, kullum ana nema. Aikin da yake da daɗi ya yi shi da wuri, aikin lissafi da rubutu ya yi ta ɗagawa har sai wuta ta kama. Lokaci ba ya auna shi daidai: ya ce "ga ni nan, minti biyar", kuma har ransa ya yarda minti biyar ne, sai a gan shi bayan awa guda. Yana katse mutane ana magana, ba don raini ba, don yana tsoron in bai faɗa yanzu ba za ta gudu. Yana sayen kaya da zafi-zafi bai yi lissafin kuɗin mota da na ɗan dako ba. Yau yana albasa, gobe ya koma canji, jibi ya ce waya zai sayar, kowace sana'a ya shige ta da ƙarfi, wata uku ta gundure shi. In yana kan babur ko sitiyari, ganganci da ɗauke ido sun fi yawa, kuma an tabbatar masu wannan larura sun fi fuskantar haɗari a hanya.

Akwai wani abu da yake rikita iyali, har ya sa su ce da gangan yake yi. Mutumin da ba ya iya minti goma kan littafin bashi, sai a gan shi ya yi awa huɗu yana gyaran rediyo ko yana cinikin da ya ba shi sha'awa, ko abinci bai tuna ba. Sai a ce, "Ka gani? In ya ga dama yana iyawa." A'a. Wannan ma cikin larurar yake. Hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannun mai shi. Abin da yake sabo, ko mai daɗi, ko na gaggawa, shi yake jan doki.

Mata fa? Nan ne muka fi yin zalunci ba mu sani ba. Yarinya mai wannan larura sau da yawa ba ta hawa katanga, ba ta faɗa a aji. Shiru take, ta tafi duniyar tunani, don haka babu mai lura. Sai ta yi aure, aka ɗora mata tukunya da goyo da wanki da baƙi duk a lokaci guda, sannan abin ya fito. Miya ta ƙone, an bar famfo a buɗe, ɗaki ya hargitse, an fara aiki biyar babu wanda aka gama. Daga nan sunaye su fara: ƙazama, sakarya, ba a yi mata tarbiyya a gidansu ba. Uwar miji ta faɗa, dangin miji su faɗa, ita ma ta koma tana faɗa wa kanta. Nan kudu kuma babu uwa ko yaya a kusa da za ta rufa mata asiri. Muna roƙon magidanta, kafin a ce "tafi gidanku", a tambaya ko haka take tun tana yarinya, kuma ko tana ƙoƙari tana kasawa ne. Mai ƙoƙari yana kasawa daban yake da wanda bai damu ba.

Sai dai a yi hattara, kada kowa ya karanta wannan takarda ya fita yana cewa ai ni ma ita ce da ni. Kowa yana mantuwa. Direban da ya kwana a hanya daga Arewa zai manta sunan ɗansa ma. Mai gadin da yake kwana a tsaye, da wanda bashi ya yi masa katutu, da wanda aka yi wa rasuwa, da mai ciwon damuwa, da mai matsalar maƙoƙo, da mai shaye-shaye, da wanda yake kan TikTok har ƙarfe biyun dare, duk hankalinsu yana watsewa, kuma maganin kowannensu daban. Likitoci suna da ma'auni. Dole alamomin su kasance sun fara tun kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, wato gida da kasuwa misali, kuma suna yin ɓarna ta gaske a rayuwa. Ga babba ana neman aƙalla alamomi 5 cikin jerin 9, ko a ɓangaren rashin tsayar da hankali ko a ɓangaren rashin natsuwa da gaggawa. Wanda lafiyarsa ƙalau har ya kai shekara 35 sannan mantuwa ta fara masa, wannan wani abu ne daban, ya hanzarta ganin likita. Babu gwajin jini ko hoton kai da yake nuna ta, tarihin mutum ake bi. Don haka mai zuwa asibiti ya tafi da wanda ya san shi, ko a tanadi lambar wani babba a gida da ya ga tasowarsa.

Yanzu ga tambayar da muka san dattawa suna jira: shin wannan ba ƙofa ba ce ta kowane malalaci ya fake? Amsarmu ita ce abin da aka yanke a zaman sulhun nan. Buhunan da suka salwanta, an raba masa biya kaɗan-kaɗan, kuma yana biya. Larura tana bayyana dalili, ba ta sauke haƙƙin mutane. Mai ciwon ido ba a zaginsa don ba ya gani, amma in ya san ba ya gani ya ƙi sa tabarau ya hau babur ya buge yaro, wannan kuma da laifinsa. Wanda ya gane kansa, nauyin neman dabara ya hau kansa.

Dabarar farko, kuma babba, addininmu ya riga ya ba mu ita. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. In an umarci masu lafiyayyen tunani su rubuta, ina ga wanda kansa yake yoyo? Ka'idar ita ce kada ka ajiye komai a ka. Kaya ba ya fita daga rumfa sai an rubuta, mai saye yana tsaye, ko da zai ƙosa. Littafi ɗaya tak, ba takardu bakwai ba, a ɗaure shi da igiya a jikin teburi tare da biro. Wanda ba ya boko ya rubuta da ajami. Wanda ba ya ko ɗaya ya ɗauki waya ya yi saƙon murya a WhatsApp ya tura wa amintaccensa: wane ya ɗauki buhu kaza, ranar kaza zai biya. Ɗan'uwan namu abin da ya ceto shi ke nan. Alhaji ya haɗa shi da wani yaro mai natsuwa, yaron yana riƙe littafi, shi yana ciniki. Kuma a ciniki, Alhaji ya shaida, babu kamarsa a layin nan: baki gare shi, Yarabanci ya zauna, ga saurin gane wanda ya zo saye da wanda ya zo taya. Shekara da shekaru ana dukansa a inda yake da rauni, ba a taɓa ajiye shi a inda yake da ƙarfi ba.

Salloli biyar kuma turaku ne da aka kafa mana a cikin yini, a ɗaura ayyuka a jikinsu. Bayan asuba a duba abu uku da za a yi yau, uku kawai. Bayan azahar a kira waɗanda ake bi. Bayan isha'i a ƙirga ciniki, a ware uwar kuɗi daga riba, a shirya kayan gobe, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sauran alkawura a bar wa ƙararrawar waya, a sa ta ta yi ƙara lokacin da ya kamata a tashi, ba lokacin da ya kamata a isa ba. Makulli da waya su sami ƙusa ɗaya ko kwano ɗaya a bakin ƙofa. Duk sayayyar da ta wuce wani adadi da mutum ya yanka wa kansa, sai ta kwana, a yi shawara da wani. Adashi yana taimakon irin waɗannan mutane ƙwarai, don kuɗin yana barin hannu kafin sha'awa ta cinye shi. In fushi ya taso, a fita, a yi alwala, kada a yanke hukunci a tsaye. Barci kuwa ba wasa ba ne a nan, rashinsa yana ninka larurar. Goro da shayi mai kauri bayan la'asar a rage, a riƙa motsa jiki ko da tafiyar ƙafa ce.

Ku kuma iyali, saƙo ɗaya a lokaci ɗaya. Ki tsaya gabansa ki faɗa, ya maimaita, in ya fi biyu ki tura a waya. Gori ba ya gyara wannan, da yana gyarawa da bulalar makarantar allo ta gama aikin tuntuni.

Wasu sun yi mana maganar sallah, cewa suna kabbara hankali ya tafi kasuwa, su rasa raka'a nawa suka yi, har suna jin ko sallarsu ba ta karɓuwa. Kada wannan ya sa kowa ya yanke ƙauna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sallamewa bayan raka'a biyu a sallar rana mai raka'a huɗu, aka tuna masa, ya cika, ya yi sujada. Babin ƙabli da ba'adi da muka karanta a Ahalari don 'yan Adam aka yi shi. Malamanmu na Malikiyya ma sun ware hukunci mai sauƙi ga wanda kokwanto ya zame masa jiki kullum. Mai wannan hali ya samu Liman ya yi masa bayani daidai da yanayinsa, ya kuma lizimci jam'i, don bin liman yana ɗauke masa nauyin ƙirga.

Maganar magani. Akwai shi, kuma yana yi wa mutane da yawa aiki. Wanda aka fi sani shi ne metilfenidet, da ake sayarwa da sunan Ritalin, akwai kuma atomoksetin. Amma na likita ne, da takardarsa, bayan an auna hawan jini an duba zuciya, kuma ba a kowane kemis ake samu ba. Mai sha ya tambayi likita yadda zai yi da azumi tun kafin watan ya kama. Abin da muke gargaɗi a kai da babbar murya shi ne maganin kai da kai. Masu wannan larura sun fi saurin faɗawa shaye-shaye, don suna neman abin da zai kwantar da hayaniyar da take cikin kai. Wani yaro zai ce maka in ya sha tiramadol ne yake iya aiki. Wallahi rami ne. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasa har gwamnati ta hana maganin tarin da yake ɗauke da shi a 2018. In kana da yaro a rumfa da ya fara wannan, kafin kora a gwada asibiti, wataƙila akwai abin da yake gudu.

Mun san abin da yake hana mu zuwa. Da an ce likitan ƙwaƙwalwa sai zuciya ta tafi Dawanau, maƙwabtanmu Yarabawa kuma su ce Aro. Amma a wuraren nan ana duba mai rashin barci, da mai damuwa, da yaro mai wahalar karatu, su zo da ƙafarsu su koma gida a ranar. Ko dokar ƙasa ta canza: a watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Asibitin koyarwa na UCH yana nan kusa da mu, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Aro a Abeokuta. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Ɗan'uwan namu har yanzu yana mantuwa. Makon jiya ma ya bar hularsa a ofis. Amma lissafin wata uku ke nan yana fita daidai, iyalinsa tana ɗakinta, kuma ya ce da kansa zai kai babban ɗansa a duba shi, don malamin Islamiyya ya fara irin ƙorafin da aka yi a kansa shekara 30 da suka wuce.

Wanda yake son a raka shi asibiti saboda matsalar Turanci ko Yarabanci, ya same mu a ofishin masallaci bayan la'asar, Litinin ko Alhamis. Mata su yi magana da shugabar makarantar matan aure, ita za ta haɗa su da mai rakiya mace. Ba a rubuta suna a kowane littafi, kuma ba a karɓar ko kwabo. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci